Tudun Jos: Dutsen da Ya Haifi Kuza, Koguna da Hanyoyin Hawa

Tudun Jos yanki ne mai bisa a tsakiyar Nijeriya, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 8,600, kuma yawancin ƙasarsa tana kan tsayin mita 1,200 zuwa 1,300 daga matakin teku, alhali birnin Kano bai kai mita 500 ba. Ta kudu da yamma tudun ya yanke ne a tsaye, da gangaren da ya kai ɗaruruwan mitoci, abin da duk direban babbar mota da ya taɓa bin Hawan Kibo da kaya ya san shi a jikinsa. Ta arewa maso gabas kuwa ƙasar tana sauka sannu a hankali har ta haɗe da filayen Bauchi. Galibin mutane sun san Jos da sanyi da dankalin Turawa da kuza, masu yawon buɗe ido kuma sun san ta da duwatsun Shere da matsirgar Assop, amma ba kasafai ake lura da cewa asalin waɗannan abubuwa ɗaya ne ba, wato irin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar da kuma tsayin da ya ba ta. Wanda ya fahimci dutsen zai gane dalilin da ya sa kuza ta taru a nan, da dalilin da ya sa da yawa daga cikin manyan kogunan arewa suka faro daga nan, zai kuma san inda ya kamata ya sa ƙafa idan ya fita yawo da inda bai kamata ba.

Masana kimiyyar duwatsu, wato masu nazarin yadda duwatsu suka samu da shekarun da suka yi, sun kasa duwatsun tudun kashi uku bisa tsufansu. Mafi tsufa su ne duwatsun tushe, waɗanda ke shimfiɗe a ƙarƙashin yawancin ƙasar Hausa, kuma a cikinsu akwai wani nau'i mai suna giranit wanda ya daskare kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, irin wanda dutsen Kufena na Zariya ya fito daga cikinsa. Giranit yana samuwa ne daga narkakken dutsen da bai ɓullo sarari ba, wanda ya huce a hankali can cikin ƙasa, shi ya sa ƙwayoyinsa suka sami sukunin girma har ido yana iya rarrabe su. Idan mutum ya ɗauki ɓallin dutsen a tafin hannu ya juya shi a rana, zai ga ƙwayoyi iri uku a cuɗe: akwai masu garai-garai waɗanda wuƙa ba ta iya kartarsu, su ne daga baya suke zama yashin rafi; akwai farare ko masu ɗan ja, waɗanda ruwa ke ruɓarwa su koma farar ƙasa da yumɓu; sannan akwai 'yan baƙaƙe masu sheƙi, waɗanda ake iya ɓamɓarowa falle-falle da farce.

Kashi na biyu shi ne ya bambanta tudun da sauran ƙasar da ke kewaye da shi. A shekarar 1911 wani masani ɗan Birtaniya mai suna J. D. Falconer ya wallafa littafi a kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Nijeriya, inda ya nuna cewa akwai wani giranit daban wanda ya kutsa cikin duwatsun tushe daɗewa bayan sun daskare, tun daga nan kuma ake kiransa sabon giranit, ko da yake shi ma na kewayen Jos ya haura shekara miliyan 160. Abin da ya fi jan hankali game da shi shi ne siffarsa, domin idan aka duba taswira ko hoton da aka ɗauko daga sama za a ga tsaunukansa sun yi zobe-zobe. Bayanin da masana suka yi shi ne, a kowane wuri narkakken dutse ya fara taruwa ne a ƙarƙashin ƙasa, ya yi aman wuta har rumbunsa ya ragu, sai rufin da ke bisansa ya rasa madogara, ya tsage a kewaye ya nutse, kamar yadda murfin da ya yi wa tukunya kaɗan yake faɗawa cikin miya ita kuma ta taso ta gefensa. Narkakken dutsen da ya taso ta wannan tsagar ya daskare a matsayin zobe, wani kuma ya cika gurbin da ke tsakiya, sa'an nan ruwa da iska suka shafe miliyoyin shekaru suna kwashe abin da ke sama har ƙashin ginin ya bayyana. A Nijeriya kaɗai an ƙidaya irin waɗannan zobba fiye da 50, kuma na Jos da Bukuru yana cikin mafi girma.

Zobban ba a tudun Jos suka tsaya ba, jeri ne mai tsawon fiye da kilomita 1,000 wanda ya taso daga duwatsun Azbin a arewacin Agadas, ya biyo ta Damagaram da Muniyo, ya shigo ta Dutse a jihar Jigawa da Ririwai a kudancin jihar Kano, ya ratsa Bauchi da Jos, ya ƙare a duwatsun Afu na jihar Nasarawa. Gwajin shekarun duwatsun ya nuna cewa tsufansu yana raguwa ne daga arewa zuwa kudu: na Azbin sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram suna wajen miliyan 300, na Dutse sun ɗan wuce miliyan 200, na Afu kuwa kimanin miliyan 140. Waɗansu masana suna ganin nahiyar ce ta riƙa gusawa a kan wani wuri mai tsananin zafi da ke can ƙasa, waɗansu kuma suna ganin tsofaffin tsagogi ne suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ko wanne ne daidai, abin da ba a jayayya a kansa shi ne dangantakar da ke tsakanin duwatsun, kuma hujja a kanta ita ce a Azbin ma ana haƙar kuza a wurare irin su Elmiki, daga dutse ɗan uwan na Bukuru.

Siffar da baƙo ya fi ɗaukar hotonta, wato manyan duwatsu mulmulallu da aka ga sun hau kan juna kamar wani ne ya jera su, ita ma daga halin giranit ta fito. Lokacin da dutsen yake hucewa, da kuma lokacin da nauyin da ke kansa ya ragu, ya tsattsage a tsaye da kwance, ya rabu gunduwa-gunduwa tun yana binne. Ruwan sama mai ɗan tsami ya riƙa bin tsagogin yana cin dutsen, kuma da yake kusurwa tana shan ruwa ta fuska uku, gefe ta fuska biyu, sarari kuma ta fuska ɗaya, kusurwoyin ne suka fara ruɓewa har kowace gunduwa ta zama mulmulalliya a cikin ƙasa mai laushi. Da zaizayar ƙasa ta kwashe ruɓaɓɓen ɓangaren, sai ƙwayoyin da suka rage suka zauna a kan juna yadda tsagogin suka tsara su tun farko. Dutsen Riyom da ke gefen hanyar Jos zuwa Akwanga shi ne shahararren misali, amma akwai irinsa barjat a kewayen Jos da Bukuru da Ropp, har a bayan gidajen mutane.

Kashi na uku, wanda shi ne ƙarami a shekaru, baƙin dutse ne na aman wuta. Akwai tsohonsa, wanda ya riga ya ruɓe ya koma yumɓu mai launi-launi, marmara kuma ta rufe kansa, shi ne ke ba da tuddan nan masu shafaffen kai da ake gani a tsakiyar fili. Akwai kuma sabonsa, wanda waɗansu daga cikin duwatsunsa ba su wuce shekara miliyan ɗaya zuwa biyu ba, don haka har yanzu suna riƙe da siffarsu ta tsini mai rami a ka. Ana ganin su a Miango da kewayen Vom, amma sun fi yawa a ƙasar Mwaghavul ta ƙaramar hukumar Mangu, inda suka yi layi a wajen Panyam da Kerang da Ampang. A bakin ɗaya daga cikinsu ruwa ya taru ya zama tafkin Pidong, wanda ba ya ƙafewa ko da rani. Wannan baƙin dutse yana da ƙofofi da tsagogi masu shanye ruwan sama su tace shi su fitar da shi a gindin dutse, shi ya sa maɓuɓɓugar Kerang ta yi suna har aka kafa masana'antar ruwan kwalba ta SWAN a kanta, kuma ƙasar da ke fitowa daga ruɓewarsa tana cikin mafi albarka a tudun, saɓanin ƙasar giranit mai yashi da tsami wadda acca ta fi jure mata.

Kuza kuwa 'yar sabon giranit ce. Yayin da narkakken dutsen yake daskarewa, sinadaran da ba su sami gurbi a cikin ƙwayoyinsa na yau da kullum ba sun taru a ruwan zafi na ƙarshe wanda ya taso saman dutsen, suka daskare a can cikin 'yan jijiyoyi, daga cikinsu akwai kuza da abokiyar zamanta kwalambait. Da zaizaya ta ci saman dutsen, ƙwayoyin kuza, waɗanda ba sa ruɓewa kuma nauyinsu ya ninka na yashi fiye da sau biyu da rabi, sai suka gangara cikin rafuka suka kwanta a gindinsu, yashi da laka suka wuce suka bar su. A kan wannan nauyi duk sana'ar ta dogara: mai wanke kuza yana cika ƙwarya ko kwano da ƙasar gindin rafi, ya tsoma a ruwa yana juyawa yana karkatawa, laka ta tafi, farin yashi ya bi ta, har a ƙarshe wani baƙin gari mai nauyi ya rage a gindin ƙwaryar. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwen Kano, wato Ririwai ta yau, da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi suna narka wannan gari a cikin murhunsu, su zuba shi ya fito siri-siri, fatake kuma su kai shi kasuwannin Kano da na bakin Binuwai. A can ne wakilan kamfanin Neja na Turawa suka gan shi suka biyo sawunsa, suka turo masu bincike a 1902, a shekarun da suka biyo baya kuma suka hau tudun da ƙarfin bindiga, bayan turjiyar da Birom da maƙwabtansu suka yi.

Abin da ya biyo baya ya sauya fuskar ƙasar fiye da duk abin da ya same ta tun bayan mutuwar duwatsun aman wuta. An shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya wadda ta isa Jos da Bukuru a 1914, babbar hanya kuma ta iso ta Kafanchan a 1927. Dubban lebura suka kwararo daga Kano da Zariya da Bauchi da Barno, har da ƙasashen da ke ƙarƙashin Faransa, suna haƙa da diga da shebur suna ɗauka da kwano a ka, barikokinsu kuma suka zama garuruwa irin su Barikin Ladi da Bisichi da Gindin Akwati. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan kuza na Malaya a 1942, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora aikin tilas, aka riƙa ɗebo talakawa daga lardunan arewa ana kawo su wurin da ba su saba da sanyinsa ba, ba isasshen abinci ba mayafi, da yawa kuma suka mutu a can. A 1943 aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Wannan babi ne da ya cancanci a riƙa faɗa wa duk wanda aka kai shi kallon tafkunan Rayfield, waɗanda tsofaffin ramukan kuza ne, domin hannun mutane ne ya fara yawancin waɗannan ramuka kafin manyan injuna su zo. Ta dalilin haƙar kuza ne kuma aka tono gumakan yumɓu na al'adar Nok, waɗanda wani Bature mai suna Bernard Fagg ya tattara, suka zama tushen gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Sana'ar ta ja baya tun daga shekarun 1970, faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 kuma ta ƙarasa manyan kamfanonin, aka bar fiye da murabba'in kilomita 300 na ƙasa a tone.

Tsayin da giranit ya ba tudun shi ne ke jawo masa ruwa. Iskar damina da ke tasowa daga teku tana cin karo da gangaren kudu maso yamma, dole ta hau, idan ta hau ta huce, idan ta huce ta zubar da abin da ta ɗauko, shi ya sa Jos take samun kimanin milimita 1,400 na ruwan sama a shekara, tsakanin Afrilu da Oktoba, fiye da filayen da ke arewa da ita. Daga nan ruwan yake rabuwa zuwa ko'ina. Kogin Kaduna ya faro ne daga kusa da Vom, ya bi ta birnin Kaduna, ya juya injunan lantarki a Shiroro, ya faɗa Kwara. Gongola ta fito daga gefen gabas, ta yi doguwar kwana ta Dadin Kowa da Kiri, ta shiga Binuwai a Numan, yayin da Mada da Shemankar suka gangara kudu kai tsaye zuwa Binuwai ɗin. Ɗan rafin Dilimi da ya ratsa tsakiyar Jos, wanda mai wucewa kan gada zai iya raina shi saboda sharar da ake zuba masa, shi ne ya shiga ƙasar Bauchi ya haɗu da waɗansu rafuka suka zama kogin Jama'are, wanda ke malala a fadamun Haɗejiya da Nguru kafin ya haɗu da kogin Haɗejiya su zama kogin Yobe mai zuwa tafkin Chadi. Kogin Kano ma, wanda ke cika madatsar Tiga, daga tsaunukan da ke gindin tudun ta arewa ya taso. Saboda haka manomin shinkafa a Kura da masunci a Gashuwa suna da rabo a cikin abin da ke faruwa da dazuzzuka da rafukan tudun Jos, ko da ba su taɓa taka shi ba, kuma batun kiyaye mafarin waɗannan koguna bai kamata a bar wa jiha ɗaya ba.

Inda kogunan suka iso bakin gangare sai su faɗa, su zama matsirga. Ta Assop, wadda ke gindin Hawan Kibo kimanin kilomita 60 daga Jos, ita ce ta fi sauƙin kaiwa, domin tana kusa da titi, kuma kurmin da ya bi gefen rafin yana ba da inuwa ga masu zuwa shan iska. Ta Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa ta fi ta tsayi nesa ba kusa ba, kimanin mita 150, amma hanyarta tana da wuya da damina, lokacin da ta fi kyan gani. Kamfanonin kuza sun riga kowa gane amfanin wannan faɗuwar ruwa: a farkon shekarun 1920 suka kafa tashar lantarki a matsirgar Kwall, a wajajen 1930 kuma kamfanin NESCO ya kafa tasa a Kurra, ya gina madatsu a samanta, waɗanda tafkunansu a yau suna cikin wuraren da suka fi kyau a tudun.

Ruwan da ya fi yawa a idon mai yawo, duk da haka, shi ne na ramukan kuza, waɗanda suka cika suka zama ɗaruruwan kududdufai daga Jos zuwa Barikin Ladi da Bokkos. Amfaninsu ba ƙarami ba ne, domin a kansu noman rani ya dogara, inda ake jawo ruwa da injin ban ruwa a shayar da kabeji da karas da latas da tumatir da dankalin Turawa waɗanda ake lodawa zuwa Abuja da kudu, ana kiwon kifi a waɗansu, na Rayfield kuma ya zama wurin shaƙatawa mai kwale-kwale. Amma kududdufin kuza ba tafki ba ne irin na Allah da annabi wanda bakinsa ke sauka a hankali. Injin ne ya yanke shi, don haka taku biyu ko uku daga gaɓa ƙasa tana iya ɓacewa gaba ɗaya. Gefensa yumɓu ne mai santsi wanda ba ya riƙe hannun mai neman fita. Ruwan ƙasa kuma ya fi na sama sanyi sosai, yana iya ɗaure jijiyoyin ko da gwanin iyo. Yara da dabbobi suna nutsewa a cikinsu, yawancinsu kuma ba shinge ba allon gargaɗi. Tarin yashin da aka bari bayan an cire kuza ma yana ɗauke da ƙwayoyin ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya kaɗan-kaɗan, abin da ya sa masu bincike suke hana ɗibansa don gini ko yaɓen ɗaki, ko da yake arharsa tana sa a ci gaba da ɗiba. Ga kuma ramukan loto, wato 'yan rijiyoyin da masu haƙar kuza na yau suke tonawa da hannu su ratsa ta ƙarƙashi suna bin jijiyar ma'adinin, waɗanda ciyawar damina ke rufe bakinsu, su zama tarko ga duk wanda ya bar hanya ya yanki daji.

Ga mai son hawa, duwatsun Shere ne alƙibla. Suna kimanin kilomita 10 gabas da Jos, ƙololuwarsu tana da tsayin mita 1,829, ita ce mafi bisa a tudun, kuma a gindinsu akwai makarantar dutse ta Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, inda aka daɗe ana kawo ɗalibai da ma'aikata su koyi juriya da aiki tare ta hanyar hawa da igiya da kwana a daji. Hanyoyin hawan yawancinsu ba na hukuma ba ne, sawun manoma ne da makiyaya da masu itace, suna bi ta tsakanin gonaki masu shingen ƙerana, su ratsa falalen dutse inda ba sawun da ke zama, su kutsa ta tsagogin da sai an karkata ake wucewa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, ƙasa kuma ba ta gama rasa korenta ba. Da hunturu ya yi ƙarfi sai hazo ya rufe nesa, sanyin asuba kuma yakan sauko wajen digiri 10 ko ƙasa da haka. Da damina gansakuka tana mayar da falalen dutse santsi, hadari yakan haɗu cikin ɗan lokaci bayan azahar, wani lokaci da ƙanƙara, kuma babu wurin da ya fi kan dutse marar itace haɗarin aradu, don haka masu hawa na ƙwarai suna fita da sassafe su sauko kafin rana ta karya. Takalmi mai riƙe dutse da isasshen ruwan sha sun fi kowane kaya muhimmanci, wanda kuma ya sauka zuwa filayen kudu wajen Langtang da Shendam sai ya ƙara da takalmi mai rufe idon sawu, domin kububuwa ta yi yawa a can.

Da ɗan gari akan ci gari, a nan kuwa maganar ta wuce batun ɓata hanya. Duwatsun suna da masu su: Afizere da Anaguta da Birom a kewayen Jos, Irigwe a Miango, Ngas a Pankshin inda aka sassaƙa gefen tsaunuka aka yi gonaki hawa-hawa da katangun dutse. Kakanninsu sun zauna a kan duwatsun ne don tsaro, har yau kuma akwai kurmi da kogo da ake girmamawa saboda ibadar gargajiya ko kaburbura, waɗanda baƙo ba zai gane su da ido ba. Gaida mai unguwa da ɗaukar ɗan jagora daga ƙauyen da ke gindin dutse ladabi ne, kariya ce, kuma ita ce hanyar da kuɗin yawon buɗe ido ke shiga aljihun mutanen wurin. Rikice-rikicen da suka addabi jihar tun daga Satumban 2001 sun ƙara wa wannan nauyi, domin halin tsaro yana bambanta daga ƙaramar hukuma zuwa wata, daga lokaci zuwa lokaci, mazauna wurin ne kuma suka san inda aka kwana.

Wanda hawa ya yi wa tsauri yana iya tsayawa a dajin Amurum da ke Laminga, ɗan ƙaramin daji mai duwatsu da kurmi inda aka ƙidaya tsuntsaye kusan nau'i 300, inda kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, mai alaƙa da Jami'ar Jos, take horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka tun farkon shekarun 2000. Shahararren mazaunin wurin wani ɗan jan tsuntsu ne mai cin tsaba wanda ke zama a tsakanin duwatsu, wanda kimiyya ba ta san da shi ba sai a 1998, kuma yadda aka gano shi abin lura ne. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu a tudun wanda ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa a sheƙar wani, ɗansa kuma ya tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi. Masanin tsuntsaye Robert Payne ya lura cewa kukan da wannan baƙin tsuntsu yake kwaikwayo bai yi daidai da na kowane sanannen tsuntsu ba, ya bi diddigi har ya kai ga mai kukan na asali. Can kudu maso gabas kuma, bayan an sauka daga tudun, dutsen Wase yana tsaye shi kaɗai a fili, tsayinsa wajen mita 300, gefensa kusan a miƙe, domin shi daskararren maƙogwaron wani tsohon dutsen aman wuta ne wanda jikinsa ya zaizaye ya bar shi. An taɓa ganin kwasakwasa suna hayayyafa a kansa, hawansa kuma aikin ƙwararru ne masu igiya.

Barazanar da ke fuskantar waɗannan wurare a yau ba ta manyan kamfanonin kuza ba ce kuma. Ana fasa giranit da nakiya ko da wuta da guduma don tsakuwar gini, gari yana faɗaɗa zuwa gindin tsaunuka, ana sare kurmin bakin rafi don itace da gawayi, gobarar daji kuma tana bi ta kan abin da ya rage kowane rani. Dutsen da aka fasa ba ya dawowa, kurmin da aka sare kuma yana tafiya da inuwar da ke riƙe ruwan rafi zuwa bazara. Abubuwan da wuraren suka fi buƙata ba masu tsada ba ne idan aka gwada su da gina otal: taswirar kududdufai da zurfin kowanne, shinge da allon gargaɗi da Hausa da harsunan yankin a bakin waɗanda ke kusa da gidaje da makarantu, alamun fenti a kan manyan hanyoyin hawan Shere, da horar da matasan ƙauyukan gindin dutse su zama 'yan jagora masu iya bayanin abin da baƙo yake takawa da kuma ba da taimakon farko. Jami'ar Jos tana da sashen kimiyyar duwatsu wanda ɗalibansa suke fita aikin fili a kan waɗannan duwatsu kowace shekara, makarantar dutse ta Shere kuma tana da malaman hawa, don haka masu koyarwar suna nan a cikin garin.